Da wane mudu aka auna mutum?

Ɗalibar_Kalgo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni sukuni tun jiya. Malaminmu ya ce mana a aji, wai lokacin da Turawan mulkin mallaka ke cewa "ɗan Adam", ba kowa da kowa suke nufi ba, kansu suke nufi. Sun ɗauki Bature namiji mai karatun boko mai dukiya suka mai da shi mudu, sannan suka bi sauran jama'ar duniya da awo: wannan ya kusa cika, wannan rabi ne, wannan ko gwangwani bai kai ba. Ya ambaci wata masaniya 'yar Jamaika, Sylvia Wynter, wadda ta daɗe tana rubutu a kan haka. Ya ƙara da cewa Turawan sun tafi, amma mudun nasu yana nan a kasuwarmu.

Ni kuma sai kakata ta Bunza ta faɗo min a rai. In ta ce "wane ba mutum ba ne", kowa ya san ba kai da ƙafa take nufi ba. Wanda ya wuce ana zaman makoki bai tsaya ba take nufi, ko wanda ya ci amana. To shin namu "mutum" daban yake da nasu? Ko dai duk surutun 'yan boko ne?

Ɗan_Kanta88:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin san nawa buhun taki yake yanzu? Ku 'yan jami'a kun ƙoshi ne. Bature ya kama gabansa tun 1960, a bar shi ya huta.

Malam_Gwadangaji:
Ɗan Kanta, yi haƙuri, tambayar yarinyar nan tana da tushe. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi a sakandare kafin in ajiye alli, kuma abin da malaminta ya faɗa a rubuce yake, ba ƙage ba ne.

A 1550 sarkin Sifaniya ya tara malamai a garin Valladolid don su yi muhawara a kan mutanen da aka tarar a nahiyar Amurka: cikakken hankali gare su, ko kuwa an halicce su ne don bauta? Las Casas ya tsaya musu, Sepulveda ya ce a yaƙe su. Ki duba fa, mutanen da ake magana a kansu ba a gayyaci ko ɗaya ba. A 1685 dokar bayi ta Faransa ta lissafa bawa cikin kayan da ake gada ana sayarwa, kamar tabarma da tukunya. Mu dawo gida. Gwamna Lugga, wanda sojojinsa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, ya fitar da littafi a 1922 a kan yadda ake mulkin ƙasashenmu, inda ya kwatanta halin baƙar fata da na yara ƙanana masu ban sha'awa, marasa tattali, marasa kamun kai. Yaro kuwa ba a shawara da shi, riƙonsa ake yi. Daga nan hujjar mulkin ta fito.

Kuma abin bai tsaya a takarda ba, har ƙasa aka auna. Ƙa'idarsu ita ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da gidajen 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Asalin unguwannin da muke rububin zama yau ke nan.

Jikan_Kuku:
Allah shi gafarta Malam, wagga magana ta yadi 440 ta taɓa ni, don kakana kullum sai ya ƙetare wanga fili da asuba. Kuku na, shekara goma sha yay yi shina dahwa ma wani Bature abinci a bariki. Gemunai fari tas, amma "boyi" aka kiran shi, har yaron Bature da anka haihwa gabanai haka shika kiran shi. Kofin shan ruwa nai gwangwanin madara na da anka huda anka sa ma waya, rataye bayan kicin. Karen gidan kau shina da kwanon tangaran da suna nai. Shi ka yanka nama, shi ka ɗanɗana gishiri, amma in yatsa nai ya taɓa bakin kofin Bature sai an sake wanki.

To amma ga abin da ka ba ni mamaki. In ya dawo cikin gari da marece, babban mutum na. Ana zuwa gaishe shi, ana kawo mai ƙara. Kuma shi da bakinai yaf fara kiran 'yan uwanai na ƙauye "mutanen daji", in sunka zo sai a ba su ruwa a ƙwarya ta daban. Babana yac ce har yam mutu bai ga laihin wanga abu ba.

Ɗalibar_Kalgo:
Kawu Jikan Kuku, wallahi ƙwaryar nan ta daban ta fi min laccar jiya.

Ummu_Hanan:
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Allah ya riga ya yanke hukunci a Suratul Isra'i aya ta 70, ya ce ya karrama 'ya'yan Adam. Bai ce fari ba, bai ce baƙi ba. A huɗubar ban kwana Manzon Allah (SAW) ya ce Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa. Me wata mata daga Jamaika za ta ƙara mana?

Ɗan_Dabai:
Hajiya, da girmamawa, ayar gaskiya ce. Amma bari in yi maganar da ba za ta yi wa zauren nan daɗi ba. Ni K'lela ne daga ƙasar Zuru, mu ne kuke kira Dakarkari. Da Bature ya zo ya raba mutanen Arewa a takardunsa, Musulmi masu sarauta a sama, mu a ƙasa, ba shi ya ƙirƙiro kalmar "arne" ba. A bakinku ya tarar da ita, ya fassara kawai. Kafin zuwansa daga ina ake kamo bayin da ake kaiwa kasuwa? Me ya sa kakanninmu suka gina gidaje a kan duwatsu, don sha'awar hawa?

A wurinmu saurayi sai ya yi golmo, shekara bakwai yana noma a gonar surukai shi da abokansa, kafin a ba shi mata a lissafa shi cikin maza. Wannan namu mudun ne, kuma ba shi da alaƙa da boko ko kuɗi. Bature ya duba ya ga mutane masu juriya, sai ya kwashe mu aikin soja. Ku kuka duba kuka ga arna. Ni ina makarantar kwana aka taɓa tambayata ko gaskiya ne muna da wutsiya, kuma ba Bature ne ya tambaye ni ba.

Ɗan_Kanta88:
Tabɗi. Yanzu zance ya fara.

Ummu_Hanan:
Wanda ya tambaye ka haka jahili ne, Allah ya ba ka haƙuri. Amma laifin mutane ne, ba na addini ba.

Malam_Gwadangaji:
Ɗan Dabai, ƙanena, ba ni da abin musu. Duk wanda zai yi maganar ƙwato kai daga tunanin mulkin mallaka ya tsallake wannan, to ya yi tuya ya manta da albasa. Masu bincike sun ƙiyasta bayin da ke daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Harshenmu ma shaida ne: ɗa da bawa, kuyanga, ƙwarƙwara, dimajo, murgu. Har gobe in an zo neman aure a wasu gidaje ana bincike a ɓoye. Shi ma Lugga da ya zo da kirarin hana bauta, dokarsa ta 1901 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ta 'yanta, ta hana saye da sayarwa, amma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya, don ba ya son ɓata wa sarakuna.

Bambanci ɗaya dai nake so a riƙe. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya amsa tambayar wasu 'yan kasuwar Sahara, ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya ƙaryata masu jingina ta da la'anar ɗan Annabi Nuhu, ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin waɗanda bai halatta a bautar ba. Iyakar da ya ja ta addini ce, kuma na sani wannan ba zai sanyaya maka rai ba, don kakanninka a waje ta bar su. Sai dai iyaka ce da ake iya ƙetarewa. Ta Bature a fata take da ƙashin kai, ko ka yi digiri goma kana nan inda aka ajiye ka.

Ɗan_Dabai:
Baba Malam, na gode da ba ka kauce ba. Amma wanda aka ɗaure da igiya bai damu da ko ta rama ce ko ta kaba ba. Kuma ƙetarewar da kake faɗa, akwai waɗanda suka musulunta tun kakanni, har yau "tubabbe" ake ce musu.

Sarkin_Gardama:
Ku tsaya, duk kuna ta "mu" da "ku". Kun manta mu Kabawa da Zamfarawa da Yawurawa a cikin Banza Bakwai aka jefa mu? 'Ya'yan ƙwarƙwarar Bayajida wai. Ƙasar Kanta guda, mai ganuwar Surame, wai banza! Kowa da wanda ya raina ke nan.

Bayawuriya:
Sarkin Gardama ka kashe ni da dariya. A firamare mun haddace su muna rerawa, ba mu san kanmu muke zagi ba.

Malam_Gwadangaji:
Tun da an zo nan, ga wani abu. Bajamushen nan Barth, da ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, yana cikin waɗanda suka kai labarin Hausa Bakwai da Banza Bakwai Turai. Kuma a nan Gwandu, a 1853, ya samu kwafin Tarikhus Sudan, littafin tarihin Songhai da Tumbuktu, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Shekaru ashirin da 'yan kai kafin nan babban masaninsu Hegel yana koyarwa a Barlin cewa Afirka ba ta cikin tarihi. Ga kuma garin Abdullahin Gwandu, wanda ya rubuta tafsiri sukutum! Ba rashin hujja ne ya dame su ba, hujjar ce ba ta shiga mudun.

Bayawuriya:
To ni bari in kawo tawa, tun da maza sun cika zauren. Sau nawa kuka ji an yi sallama a ƙofar gida, yaro ya fito ya ce "ba kowa, sai mata"? Mu biyar muna tsakar gida, ɗaya na daka, ɗaya na wanki, amma ba kowa. Wannan ma Lugga ne ya koya mana? Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin a haifi Lugga, amma jikokin almajiranta ne yau ake cewa ba kowa.

Ɗan_Kanta88:
Hajiya ai nufin yaron ba namijin da zai fito ya amsa.

Bayawuriya:
Na san nufinsa. Kalmar da ya zaɓa nake magana.

Sarkin_Gardama:
Mu koma kan tambayar Ɗaliba, don an yi nisa. Kakarki na da gaskiya, a Hausa ba a haihuwar mutum a gama, zama ake yi. Shi ya sa muke cewa "ya zama mutum", muke cewa mutum ɗan tara ne bai cika goma ba. Mutunci ma daga kalmar ya fito, kuma abu ne da ake ci, ake zubarwa, ake karewa. Abin dariyar, wanda ya fi shahara da tsara wannan a rubuce Bature ne, Kirk-Greene, tsohon jami'in mulkin mallaka a Adamawa. A wata lacca da aka buga a 1974 ya jero siffofin mutumin kirki guda goma, su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Ɗalibanmu har yau shi suke kafa hujja da shi in za su faɗi abin da kakanninsu suka sani.

Amma ina da tsoro a nan. In mutum zama ake yi, to ana iya cire ka. Mahaukaci fa? Jariri fa? Wanda ya ci amana, in mun ce ba mutum ba ne, ya halatta a yi masa komai ke nan? Gara ayar da Ummu Hanan ta kawo, ita ba ta sa sharaɗi ba.

Ɗalibar_Kalgo:
Yaya Sarkin Gardama, "ya zama mutum" ɗin ma ai ta canza. Yanzu in an ce wane ya zama mutum, mota ya saya. Malaminmu ya ce abin da Wynter ke nufi ke nan: da farko Kirista ne ma'auninsu, daga baya mai hankali irin nasu, daga ƙarni na 19 kuma sai ya koma wanda ke samu yana saye. Wanda ba shi da ko sisi ya faɗo daga layi, ko wane launi ne shi.

Bazamfaren_Anka:
Ina karantawa tun ɗazu ban sa baki ba. Ni dai ga yadda na ga mudun nan da idona. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, 'Yargalma. Dutsen zinare ake kawowa gida a daka a turmi, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Na ga uwa ta binne biyu a mako guda. Bagega kuwa sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, ana ta jiran a saki kuɗi daga Abuja. Ku faɗa min, da a unguwar manya yara 40 kacal suka mutu, a kwana nawa za a gama aikin? Yau ma haka ne. In an kashe mutanen ƙauye sai ka ji "mutum 30", ba suna, ba hoto. In babba ne, har sunan makarantar da ya yi za a karanto.

Ɗan_Kanta88:
Allah ya jiƙansu. Amma a faɗi gaskiya, su wa suka fara zuwa da magani? Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne, Turawan da kuke zagi. Namu suna ina?

Bazamfaren_Anka:
Ban zagi kowa ba, kuma ba za mu manta alherinsu ba. Namu nake tuhuma. Wanda ya riƙe kuɗin baƙi ne kamar ni, amma kallon da yake wa ɗan ƙauye shi ne kallon da aka yi wa kakan Jikan Kuku.

Bello_Ruga:
Mu kuma abin namu kashi biyu ne. Turawa sun rubuta cewa Fulanin sarauta jinsi ne na daban da aka halitta don mulki, har suna nemo mana asali a wajen Afirka, don a ganinsu baƙi ba zai iya kafa daula ba. Mu na daji kuwa shanunmu aka sani, ana ƙirga su ɗaya-ɗaya don jangali. Yau an wayi gari sunan ƙabilata ya zama sunan ɗan bindiga. Bara a wata tasha direba ya sauke ni bayan na biya kuɗi, fasinjoji sun ce ba za su shiga daji da ni ba. Ni ma an kore mana shanu 17, an kashe ƙanen babana. Wa zan gaya wa?

Uwar_Marayu:
Malam Bello, Allah ya sani ba kai ba ne. Amma waɗanda suka shigo garinmu suka kashe mijina a gaban yaransa, kada wanda ya ce in kira su mutane. Ba zan iya ba.

Bello_Ruga:
Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ba ni da bakin magana, Inna.

Malam_Gwadangaji:
Allah ya ba ku haƙuri baki ɗaya. Ba zan yi wa mai takaba lacca ba. Abu ɗaya ya zo min. Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Martinik da ya yi aiki a asibitin Blida a Aljeriya lokacin yaƙinsu da Faransa, ya lura cewa in ɗan mulkin mallaka zai yi maganar wanda ya mallaka, kalmomin dabbobi yake ɗaukowa. Mun ga aikin wannan a Satiru, kusa da Sakkwato. A Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka gudu suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. A Maris aka dawo musu da bindiga mai ruwa, su da gatari da fartanya, aka kashe kimanin 2,000, aka shafe garin. Sarakunanmu sun ba da gudummawar mayaƙa, Sarkin Gwandu na lokacin kuwa da aka zarga da goyon bayansu aka tuɓe shi. A shekarar nan dai aka sa wani ɗan Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan namun daji a birnin Niyok jama'a na zuwa kallo.

Jikan_Kuku:
Malam, mu a makaranta ba a taɓa gaya muna Satiru ba. Abin da ni tuna, in kay yi Hausa a aji sai a rataya ma allo a wuya an rubuta kai mai "banakula" na, ka biya tara. Malamin da ka rataya shi kau Bakabe na ɗan uwanmu.

Sarkin_Gardama:
Irin allon nan ne Ngugi na Kenya ya ba da labarin an rataya musu, shi ya sa ya koma rubuta littattafansa da Kikuyu. Amma Ɗan Dabai zai ce mana shi Hausa ce ta cinye masa C'lela, ba Turanci ba.

Ɗan_Dabai:
Ka riga ni. 'Ya'yana uku, babu mai iya gaida kakarsa da harshenta.

Ɗalibar_Kalgo:
Na kira kakata yanzu na karanta mata wasu daga cikin amsoshinku. Na ce, Kaka, to shi Bature mutum ne? Ta yi dariya har da tari, ta ce ita Bature ɗaya ta taɓa gani kusa, wata likita da ta zo rigakafi tana yarinya, kuma matar ta durƙusa ta gaida tsofaffi, don haka ita dai mutum ce. Na ce to mutanen Zuru fa? Ta yi shiru, ta ce akwai wata Badakkara da suka yi maƙwabtaka, ita ta karɓi haihuwar babana, "amma ita daban ce". Na ce daban da wa? Ta ce katina zai ƙare, in gaida mutan makaranta.

Ɗan_Dabai:
"Amma ita daban ce." Sau nawa aka faɗa min haka a fuskata, ana ganin yabona aka yi. Ki gaida Kaka, ki tambaye ta sunan matar in tana tunawa, wataƙila ma 'yan gari ɗaya muke.

Ɗan_Kanta88:
Ni har yanzu ba wanda ya amsa min maganar taki. Malam Gwadangaji, wancan fili na yadi 440, a nan Birnin Kebbi ta ina ya bi? Ina zargin a cikinsa nake haya.